Idan Tauraron Ɗan'adam Ya Ba Da Shaidar Zur

Na'urar da ta mutu ba ta tayar wa matuƙin jirgin sama hankali sosai, domin ya san abin yi: ya koma ga wata. Abin tsoro ita ce wadda ke raye, tana faɗin ƙarya hankali kwance. A daren 1 ga Afrilu, 2014, aka ɗora wa taurarin GLONASS na Rasha, masu nuna wuri irin na GPS, bayanan kuskure game da falakinsu, suka yi fiye da awa 10 suna ruɗar masu dogaro da su. Kuma abin bai buƙatar babban kuskure. Idan agogon tauraro ya kauce da kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, lissafin nisa ya karkace da mita 300.

Shi ya sa aka ɗora wa na'urar jirgi aikin alƙali, wato tsarin da ake kira RAIM. Taurari huɗu sun isa a gane inda jirgi yake, amma ba mai tsare gaskiyar wani a cikinsu. Da na biyar ake gane akwai maƙaryaci. Sai da na shida ake iya nuna shi da yatsa, a kore shi daga lissafi. Wajen sauka cikin hazo, inda ƙa'ida ta ce gargaɗi ya iso cikin sakan 6, ana ƙara tashoshin ƙasa masu sa ido: WAAS a Amurka tun 2003, EGNOS a Turai tun 2011. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ASECNA, wadda Nijar da Chadi da Kamaru ke ciki, ta fara gwajin irin wannan tsari a 2020 ta tauraron NigComSat-1R na Nijeriya.

Sai dai alƙalin nan ya ginu ne a kan zaton cewa maƙaryacin ɗaya ne. To, idan shaidu suka haɗa baki fa? Tun Satumban 2023 matuƙa ke kai rahoton siginar bogi a Gabas ta Tsakiya, inda ake kwaikwayon taurarin gaba ɗaya daga ƙasa, maganarsu ta zo ɗaya, RAIM bai ga saɓani ba.

A nan darajar na'urar inashiya take fitowa. Ita kurma ce, ba ta sauraron kowa daga waje. Motsin jirgi da juyawarsa kawai take aunawa, ta yi lissafinta. Aibinta shi ne zamewa sannu a hankali, har mil ɗaya ko biyu a awa, don haka ake gyara lissafinta da GPS. Ta wannan ƙofa kuwa ƙarya kan shiga ta gurɓata shi. A ganina, dole a bar wa matuƙi lissafin inashiya zalla, wanda tauraro bai taɓa ba, kuma a daina gaggawar kashe tashoshin rediyo na ƙasa masu yi wa jirage jagora don tsimin kuɗi. A ƙarshen Afrilun 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa Tartu ta Estoniya saboda toshe siginar GPS, bai koma ba sai a watan Yuni, bayan an samar da hanyar sauka mai dogaro da na'urorin ƙasa.