IN BABUR YA ƘI TASHI, DUBA MAKUNNIN KULOCI

Ya kai manomi, babur shi ne jakin zamani. Da shi a ke kai taki da maganin feshi gona, da shi a ke ɗauko masu cirar auduga. Ran da ya ƙi tashi aiki ya tsaya, auduga kuwa in ta buɗe ba ta jiran kowa.

Sau da yawa mutum ya kan danna sitata ya ji shiru, sai ya ce batir ya mutu. Ya tafi har Damazin ya sayo sabo, alhali kuwa ciwon na wani ɗan abu ne wanda bai fi dabino girma ba, watau makunnin kuloci.

INA YA KE?

In babur ɗinka mai sitata ne, duba gindin hannun kuloci, wajen hagu. A yawancinsu za ka ga ɗan makunni da wayoyi biyu. In ka matse kuloci sai ya ba wuta hanya ta kai ga sitata. An yi shi ne domin kada babur ya zabura in an tashe shi cikin giya.

Ƙasarmu baƙar laka ce, tun daga Rusairis har Mai Wurno da Jazira. Da damina taɓo da ruwa su kan shiga makunnin ya yi tsatsa, da rani kuma ƙura ta toshe shi.

GA YADDA ZA KA BI

1. Buɗe makulli, ka danna ham, ka kunna fitila. In babu ko ɗaya, duba fis da kawunan batir. In sun yi farin gari, kankare su ka ɗaure tamau. Batir mai lafiya ya kan nuna kamar volt 12.6 a ma'auni. In ya gaza 12, yana son caji.

2. In fis ya ƙone, sa wani mai lamba ɗaya da shi. Kada ka sa waya ko takardar sigari a madadinsa, sai wayoyin babur su ƙone.

3. In ham da fitila suna da ƙarfi, duba jan makunni na hannun dama, in akwai shi. Yara su kan taɓa shi. Ka kuma ɗaga sandar jingina, gama waɗansu babura ba su tashi cikin giya in tana ƙasa.

4. Sa giya firi, ka danna sitata. In ya tashi a firi, amma ya ƙi cikin giya ko da ka matse kuloci, to, ka kama ɓarawo.

5. Zare wayoyin nan biyu, ka busa ƙura, ka goge bakinsu har su yi haske, sa'an nan ka mayar. In har yanzu shiru, ɗora babur bisa sandar tsakiya, ka haɗa wayoyin da juna, ka matse kuloci, ka danna. In ya tashi, makunnin ya mutu, sai sabo.

6. In ƙas-ƙas kaɗai ka ke ji, batir ne ya yi sanyi ko kuwa sitata. Tashe shi da kik, ka kai wa bakanike.

GARGAƊI

Waɗansu su kan haɗe wayoyin su bar su haka nan. Kada ka yi! Tun 1925 da aka gama madatsar Sinnar gonakin Jazira ke cike da hanyoyin ruwa, mu kuma nan ga gaɓar kogi. Babur da aka yi wa haka, in yaro ya danna shi cikin giya, sai ya zabura da shi cikin Abu Ishirin ko bisa mutane. Kuɗin makunni bai kai kuɗin ɗorin ƙafa ba.

Kowace Jumma'a ka goge makunnin, ka duba wayoyi, ka ajiye fis biyu cikin akwatin kayan gyara tun auduga ba ta buɗe ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu amfani mai albarka, amin.

Malamin Gona, Rusairis