Kare Gini Daga Ruwa: Daga Makuba Zuwa Kwantena

Ƙarkon kowane gini a Kano, na ƙasa ne ko na siminti, ya ta'allaƙa ga yadda aka kare shi daga ruwa, domin galibin ruwan shekara yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, kuma ya fi ƙarfi a Agusta. Maginan gargajiya sun daɗe da gane haka, shi ya sa bayan sun ɗora tubali sun yi rufi da azara, wato tsagin giginya wanda gara ba ta cika ci ba, sukan yi yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema, sannan su kafa indararo domin ya jefa ruwan soro nesa da gindin bango. Da irin wannan kulawa tsohon ginin nan na Gidan Makama ya kawo yau.

A unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, inda bulo da kwano suka mamaye, mutane da yawa sun ɗauka siminti ba ya shan ruwa, alhali danshi yana hawowa daga fandisho ya kumbura filasta ya ɓare fenti. Rigakafinsa shi ne a shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta kafin a zuba kankaren daɓe, a ɗaga ƙasan ɗaki sama da titi, a karkata rufin kankare don kada ruwa ya kwanta, kuma a yashe kwata kafin damina.

Kwantena kuwa, wato akwatin ƙarfe na jigilar kaya a jirgin ruwa, wanda Ba'amurke Malcom McLean ya fara amfani da irinsa a 1956, tsawonsa yawanci ƙafa 20 ne ko 40, kuma masu ƙaramin jari suna mai da shi shago saboda saurin kafawa da wuyar fasawa. Sai dai ƙarfe yana ɗaukar zafin bazara, yana kuma tsatsa, don haka wajibi ne a ɗora shi kan dakalin kankare, a yi masa rumfar kwano da silin da tagogi, a riƙa sabunta fentinsa, sannan a nemi izinin hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, tun kafin a ajiye shi, domin wanda aka dasa a kan magudanar ruwa yana jawo wa maƙwabta ambaliya, mai shi kuma rusau.