DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: TSOFAFFIN KWAMFUTOCI A LAKWAL

'Yan'uwa manoma da makiyaya na Arewa, kun san abin da ke faruwa in famfon rijiya ya lalace a ƙauyen da babu mai gyara. Mata su koma guga, ƙarfe ya zauna yana tsatsa. Haka take ga kwamfuta, wadda 'yan lakwal ke kira ordinatar. Na'ura ba ta daɗewa inda ba wanda ya san cikinta.

ABIN DA AKA TAƁA YI

Shigar na'ura cikin lakwal ba sabon abu ba ne a Nijar. A 1964 aka fara koyar da yara ta talabijin. A 1968 aka gwada kunna akwatin da hasken rana, don garuruwan da ba su da lantarki. Amma kowane akwati yana son batir, yana son mai gyara. Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai kuwa tafiya ce ta fiye da kilomita 270. Gara mai gyaran ya zama ɗan gari.

INA ZA A SAMO SU?

Ofisoshi da bankuna suna sauya kwamfutocinsu bayan 'yan shekaru. Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da tsarinsa mai suna Windows 10, don haka an ajiye wasu da yawa, alhali suna da sauran ƙarfi. Akwai wani tsari na kyauta, sunansa Linux, wanda tsohuwar kwamfuta ke iya ɗauka.

Wadda ta mutu ma tana da amfani. Mushe ba zai bar yaro ya kwance sabuwa ba, don tsoron asara. Matacciya kuwa, sai yaro ya buɗe ta, ya ga kayan cikinta, ya mayar. Daga matattu uku ana iya haɗa ɗaya mai aiki.

ME YARO ZAI KOYA?

Manyan magabtan kwamfuta a ƙasarmu su ne ƙura da zafi. Ƙurar hunturu tana toshe 'yar fankar da ke ciki, na'ura ta yi zafi, ta kashe kanta. Maganinta shara da ɗan buroshi. Wani lokaci ɗan batirin ciki ne ya ƙare, mai kama da kuɗin ƙarfe. Wani lokaci waya ce ta saki. Waɗannan gyare-gyare ba su son kuɗi mai yawa, sai haƙuri da lura.

Hannun da ya saba da wannan aiki zai iya gyaran salula, da rediyo, da fitilar hasken rana. Ranar kasuwa a Matankari, ko Tibiri, ko Kore Mairuwa, masu neman gyara ba su ƙarewa. Matashi mai wannan sana'a yana iya noma da damina, ya yi gyara da rani, ba sai ya tafi bida Legas ko Akara ba. 'Yan mata ma suna iya koyo.

A YI HATTARA

Ba kowace kyauta ce alheri ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki. Tun 1991 ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniya a Bamako don hana shigo da shara mai guba. Saboda haka lakwal ta karɓi abin da za ta yi aiki da shi kaɗai.

A cire wuta kafin a buɗe kwamfuta. Kada yara su fasa tsohon gilashin nan mai ƙaton baya, akwai dalma a cikinsa. Kada a ƙona waya don neman jan ƙarfe, hayaƙin yana cutar da huhu. Batirin da ya kumbura a nisanta shi da wuta, da rijiya, da bakin dabbobi.

AIKIN IYAYE

A taron iyayen yara, ku tambayi shugaban lakwal ko akwai tsofaffin na'urori a ajiye. Ku nemi magajin gari ya haɗa lakwal da cibiyar koyon sana'a ta gundumarku. Ku roƙi mai gyaran rediyo na garinku ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako yana nuna wa yara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.