Sojan Ingila Masu Jin Hausa

A Ingila akwai wani wasa na manya. Sai su shimfiɗa taswira a kan tebur, su jera 'yan mutum-mutumin sojoji na dalma, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba, su sake buga yaƙin da aka gama tun zamanin kakanni. To da wani ɗan garin Aujara, a gabashin Kano, zai ce a jera masa rundunar Ingila da ta ci ƙasar nan, mai fenti ba zai ɓata farin launi da yawa ba. Cikin mutum ashirin, Bature bai wuce ɗaya ba. Sauran duk baƙar fata ne, ƙafa ba takalmi, ka da jar dara, kuma Hausa ce harshen barikinsu.

Abin ya faro ne daga Ikko a 1863. Wani hafsan sojan ruwa, John Glover, ya tara mutum 18 'yan Arewa, ya ba su bindiga, ya koya musu fareti. Irin mutanen da ya riƙa ɗauka galibinsu bayi ne da aka sayar ƙasar Yarbawa suka gudu. Ba su da gona a can, ba dangi, ba ubangidan da za su koma wa, saboda haka wanda ya ba su tufa da albashi shi ne uwa shi ne uba. Aka riƙa ce musu Hausawan Glover, alhali a cikinsu akwai Nufawa da Barebari da sauran ƙabilu. Muddin kana jin Hausa, a takardar Bature kai Bahaushe ne. Da su aka tafi yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874, da su kuma aka ci Ijebu a 1892.

Amma wanda yake son ganin yadda ake tsara wannan runduna, sai ya dubi Bida. Kamfanin Neja na George Goldie ya kafa nasa sojan a 1886, kuma a Janairun 1897 ya tashi daga Lakwaja da sojoji ɗari biyar da 'yan kai, Turawa wajen 30, da 'yan dako kusan 900. Ka lura, masu ɗaukar kaya sun kusa ninka masu harbi. Su ke ɗauke da akwatunan harsashi, da abinci, da tantin Bature, su ke jan manyan igwa biyu cikin yashi da fadama. Ba mota, ba jirgin ƙasa, wuyan mutum ne kawai.

Da suka tunkari Bida, sai suka yi abin da aka horar da su a kai. Sojoji suka tsaya kafaɗa da kafaɗa ta fuska huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa, kowa ya ba ɗan'uwansa baya. Aka zuba 'yan dako da kaya a tsakiya. A kusurwoyi aka girke bindiga mai ruwa, wadda ke aman harsashi wajen 600 a minti ɗaya, kuma guda shida suka zo da su. Haka wannan ɗaki marar rufi yake tafiya gaba ɗaya, a tsaya tare, a motsa tare, ba mai harbi sai hafsa ya ba da umarni. Etsu Abubakar yana da dubban mayaƙa, da barade waɗanda ba a taɓa cewa sun ji tsoro ba. Sai dai duk dabarar barde ita ce ya zagaya ya faɗa wa abokin gaba ta baya ko ta gefe, ga shi kuwa an kawo masa abin da ba shi da baya. Kwana biyu ana gwabzawa, 26 da 27 ga wata. Kamfani ya rasa Bature ɗaya da sojoji bakwai. Bida ta faɗi, wata mai zuwa Ilori ta bi.

A wannan shekarar ce gwamnatin Ingila, saboda tsoron kada Faransa ta riga ta, ta sa wani hafsanta, Lugga, ya kafa rundunar tsaron iyakar Afirka ta Yamma, wadda mutanenmu suka riƙa kira Waf. Bataliya biyu ya fara da su. Kowace bataliya an kasa ta kamfani-kamfani, kowane kamfani da kyaftin da laftanoninsa da sajen Bature, a ƙarƙashinsu kuma samanja da saje da kofur baƙaƙe. Samanja shi ne ƙarshen tsani. Ko mutum ya shekara ashirin yana yaƙi, yaron da ya sauko daga jirgi jiya shi zai sara wa.

Ranar 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya bar Zariya da hafsoshi 24, da sojoji 722, da igwa huɗu, da mai ruwa huɗu. Ya fasa Bebeji a hanya. Ranar 3 ga Fabrairu ya shiga Kano ta Ƙofar Kabuga, Sarki Alu yana Sakkwato, Sarkin Shanu da aka bar wa gari ya mutu yana kare gidan sarki. A lokacin Aujara da Jahun da Dutse duk ƙasar Kano ce, don haka ranar nan aka ci su, ko da kuwa ba su ji ƙarar igwa ba. Bayan mako uku, a Kwatarkwashi, Laftanar Wright da mutum 45 kacal suka yi irin tsayuwar Bida, Wazirin Kano Ahmadu ya yi ta kawo musu hari har ya yi shahada a gabansu. Wright ya sami lambar yabo mafi girma ta sojan Ingila. Mutum 45 ɗin da suka tsaya a sahun, sai mai tonon tsofaffin takardu ne zai iya kawo sunan ko ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka tsarin ba ya karyewa. Ranar 14 ga Fabrairu 1906, a Satiru kusa da Sakkwato, wani kamfanin sojan doki ya je kama wani mai suna Ɗan Makaho da mutanensa da suka yi bore. Razdan Hillary ya wuce gaba don ya yi magana, Laftanar Blackwood ya motsa sahu don ya kare shi, mai ruwa ba a gama haɗa ta ba, dawakai suka firgita a tsakiya. Talakawa masu gatari da fartanya da kibiya suka afka musu. Turawa uku suka mutu, da sojoji 25, aka kuma ƙwace mai ruwan. A ganina wannan rana ta fi Bida bayyana gaskiyar lamarin: ƙarfin yana ga sahun ne da bindigar da ke kusurwa, in aka rasa su, Bature mutum ne kamar kowa. Ranar 10 ga Maris aka dawo aka shafe garin, aka kashe mutum wajen 2,000.

Abin da ya faru a Satiru shi ya jawo wa Haɗeja. Mutanen gabashin Kano sun san dawakin Haɗeja tun zamanin Sarki Buhari, wanda ya gagari Sakkwato kanta, ya kuma hana ƙauyukan wannan yanki barci. Haɗeja ta karɓi Turawa da baki a 1903, amma zuciya ba ta karɓa ba, kuma Kyaftin Phillips, wanda Haɗejawa suka laƙaba wa Mai Tumbi, ya daɗe yana fama da su. Lugga ya ga in bai karya su ba, wasu za su yi koyi. Aka tara sojoji sama da 600 a Kano ƙarƙashin Kanar Lowry Cole, da igwa da mai ruwa, suka nufo gabas a tsakiyar bazara.

Ranar 25 ga Afrilu 1906 aka aika wa Sarkin Haɗeja Muhammadu da sharuɗɗa. Amsar da manzon ya komo da ita mari ce. Barade suka fito ta ƙofa suka yi sukuwa a kan sahu, mai ruwa ta tare su. Waɗanda suka saura suka koma cikin gari, aka bi su lungu-lungu, gida-gida, wajen awa biyar ana yi, har aka kai ƙofar fada. Nan Sarki ya faɗi tare da 'ya'yansa uku da manyan fadawansa, shi ya sa har yau ba a kiransa sai Mai Shahada. Masu harbin da waɗanda ake harbi, da yawansu harshe ɗaya suke yi, alƙibla ɗaya suke kallo. Aka naɗa Haruna a gadon. Shi ma Mai Tumbi a shekarar ya mutu, kabarinsa yana nan a Haɗeja.

Haɗeja ce masarauta ta ƙarshe a ƙasar Hausa da ta fito fili da doki da mashi ta tari wannan runduna. Tsarin kuwa bai canza ba: Bature a sama, ɗan ƙasa ya tsaya a samanja, har aka je yaƙin Kamaru, aka je Bama aka dawo. Ɗan Nijeriya bai sami muƙamin hafsa ba sai a 1948, ɗan Arewa kuwa sai a 1953, lokacin da Zakariya Maimalari ya fito daga makarantar soja ta Sandhurst.