Ƙaramin Agogon Da Ke Tona Asirin Batirin A-Kori-Kura

Duk wanda ya taso a gidan da a-kori-kura ke ciyar da iyali ya san cewa ranar da mota ta ƙi tashi, ranar ba ciniki. Idan kuma an yi lodin tumatir ko attaruhu za a kai kasuwa da asuba, asarar ta wuce ta kuɗin batir kaɗai, domin kayan gwari ba sa jira. Abin haushin shi ne batir ba ya mutuwa farat ɗaya. Yakan daɗe yana nuna alamu, sai dai yawancin tsofaffin motoci, irin tsofaffin Toyota Hilux, jar fitila ɗaya ce ke ba direba labari. Ita kuwa fitilar ba ta kamawa sai caji ya riga ya lalace.

Nan ne amfanin agogon auna ƙarfin lantarki yake, wanda masu rewaya ke kira bolmita. Mu da muka yi darasin fiziks a sakandare mun san shi a ɗakin gwaji, ga shi kuma yana da aiki a gaban direba.

Batirin mota na dalma da asid ne, fasahar da Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859. A cikinsa akwai ɗakuna shida, kowanne na ba da kimanin bolt 2.1. Shi ya sa batirin da muke cewa mai bolt 12, idan ya cika kuma ya huta, yakan nuna wajen 12.6. Idan ka ga 12.4, ya ɗan ragu. A 12.2 saura kusan rabi. Ya kai 12.0 ko ƙasa, to ya yi nisa da saukewa, kuma barinsa a haka kwana da kwanaki yana lalata farantan cikinsa.

Karatu na biyu shi ne lokacin da ake murza makulli. Lambar za ta faɗi domin kik yana jan wuta mai yawa, amma bai kamata ta sauka ƙasa da wajen 9.6 ba. Idan tana faɗawa ƙasa da haka, batirin ya gaji, ko kuma kawunansa sun yi datti ko sun sassauta.

Na uku, bayan inji ya tashi. Yanzu alteneta ke aiki, don haka a tsofaffin motoci ana sa ran ganin tsakanin 13.7 da 14.7. Idan inji na gudu amma agogon ya tsaya a 12 da 'yan kai, kuma yana ƙara sauka da zarar an kunna fitilu, motar batir take ci ba ta mayar masa. A duba fambel tukuna kafin a zargi alteneta. Idan kuwa lambar ta haura 15, caji ya yi yawa, ruwan batir zai riƙa ƙafewa, ƙwayayen fitila su riƙa ƙonewa. Wasu sababbin motoci kan rage caji da kansu don tsimin mai, saboda haka a nasu lambar kan yi hawa da sauka ba tare da wata matsala ba.

Haɗa shi ba wuya. Mafi sauƙi shi ne irin wanda ake sokawa a ramin caja na gaban mota. Mai son na dindindin kuma, waya biyu ce. Ja ta tafi layin da ba ya samun wuta sai an murza makulli, don kada agogon ya kwana yana tsotsar batir, a kuma sa mata ƙaramin fis kusa da inda aka ɗauko wutar. Baƙa ta tafi jikin ƙarfen mota, a wurin da aka kankare fenti da tsatsa. Kafin a taɓa kowace waya, a fara cire kan batir mai alamar ragi. Wanda bai saba ba ya kai wa mai rewaya, ya tsaya ya kalli yadda ake yi.

Sai dai agogon yana da iyaka. Da an kashe inji batir kan nuna lamba sama da gaskiyarsa, don haka karatun safe, bayan mota ta kwana, ya fi inganci. Haka kuma tsohon batir zai iya nuna 12.6 amma ya kasa juya inji, shi ya sa karatun lokacin kik yake da muhimmanci. Zafi irin na watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri kuma yana rage wa batir kwana, sai a ƙara sa ido a lokacin bazara.

Ga shawararmu ga ɗalibai 'yan uwanmu: idan Baba ko Yaya na da a-kori-kura, ku samu ƙaramin littafi ku riƙa rubuta lambobin nan uku sau ɗaya a mako. Ranar da kuka ga sun fara zamewa, ku faɗa masa tun motar tana ƙofar gida, kafin ta tsaya masa a daji da lodi.