Yatsa a Bakin Ƙofar Amana

Duk wanda ya zauna da mutanen Batsari, ƙasar Sarkin Ruma, ko na Safana, ƙasar Yariman Katsina, ya saurari zancen fitinar da ke fitowa daga dajin Rugu, zai tarar ba su jinjina bindigar ɗan daji kamar yadda suke jinjina ha'incin infoma, watau mutumin da ake salla sahu ɗaya da shi, alhali shi ke tsegunta wa ɓarayi wane ya sayar da sa, yaushe kuma jami'an tsaro suka tashi. Har da irin aikinsa ya sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina a Satumban 2021, ciki da waɗannan biyu. Da ɗan gari akan ci gari.

Wannan cuta ita ce ke bibiyar ma'ajiyar makamai da ɗakin magani da siton taki, domin katanga da kwaɗo baƙo kaɗai suke tarewa, mabuɗi kuwa ana aronsa, ana yanko irinsa a kasuwa. Yatsa ba ya aruwa. Na'urar da ake kafawa a bakin ƙofa takan ɗauki zanen yatsan ma'aikaci, ko siffar fuskarsa, ta mayar da shi lissafi ta adana, sa'an nan duk ranar da ya zo ta gwada, in ya dace ta buɗe masa ɗakin da aka yarje masa kawai, ta rubuta sunansa da sa'ar shigarsa. Ba baƙon abu ba ne gare mu: mun dangwala wa banki tun zuwan BVN a 2014, mun tsaya gaban na'urar BVAS a zaɓen 2023, inda wasu manoman da fartanya ta cinye musu zanen yatsa sai da fuska aka shaida su.

Amma fa na'ura zahiri take gani, ba ta san baɗini ba, kuma maci amanar da aka yi wa rajista za ta buɗe masa ba musu. Saboda haka wajibi ne kada ɗaki mai haɗari ya buɗu sai da yatsun mutum biyu, a goge sunan wanda aka sauya wa wurin aiki a ranar, a kuma naɗa adali mai duba rajistar kowane mako, tare da tanadar wa na'urar wutar sola, tunda ta gwamnati ba abar dogara ba ce.

Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 tana riƙe da makamai a waɗannan garuruwa. A ganina, daga ma'ajiyarta ya kamata a fara.