Sikelin Lantarki: Yadda Ake Daidaita Shi Don Ya Faɗi Gaskiya

Ƴan'uwa manoma, maza da mata, kaka ta yi. An yanke hatsi, an roro wake, an tone aya da gujiya. Yanzu aiki ya koma wurin awo. Duk wahalar da manomi ya sha tun daga shuka har girbi, a kan ma'auni take zama kuɗi. Idan ma'auni ya yi ƙarya, gumin mutum ya tafi hannun wani. Shi ya sa yau za mu yi magana a kan sikelin lantarki, wanda ya shigo kasuwanninmu da mangazun ƙungiyoyinmu da gidajen likita, daga Agiye da Gazawa har Gidan Rumji.

Daga tiya zuwa kilo

Mun saba da tiya. Tiya ɗaya ta hatsi tana kai kilo biyu da rabi, ko kusa da haka. Tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100. Amma kowa ya san tiya ba ɗaya ba ce. Akwai babba, akwai ƙarama. Akwai wadda aka bubbuga gindinta. Akwai mai awo da ke tara hannu a bakinta idan yana saye, ya janye hannun idan yana sayarwa. Tiya tana auna cika ne, ba nauyi ba.

Kilo kuwa ɗaya ne a duk duniya. A ƙasar Faransa aka fara shi. A shekarar 1889 ƙasashe suka amince da wani ɗan dunƙulen ƙarfe mai daraja, suka ce nauyinsa shi ne kilo ɗaya. Aka ajiye shi kusa da birnin Paris, ana gwada sauran duwatsun awo da shi. A shekarar 2019 masana suka sake hanyar tabbatar da kilo, suka dogara da lissafin kimiyya maimakon dunƙulen. Nauyin kilo dai bai sake ba. Gram 1000 ne, kuma ya yi kusan daidai da nauyin lita ɗaya ta ruwa.

Dattawanmu suna tuna zamanin gujiya. A shekarar 1962 aka kafa kamfanin SONARA mai sayen gujiya, aka kuma kafa UNCC, hukumar ƙungiyoyin manoma. A shekarun da suka biyo baya, ƙauyuka suka fara zaɓen masu awo da magatakarda daga cikinsu. Mutane da dama a ƙasar Maraɗi sun shiga ajin yaƙi da jahilci ne don su iya karanta sikeli da idonsu. Sikelin wancan zamani na ƙarfe ne, mai sanda da dutse. Na yau mai batir ne, yana nuna lamba a ɗan gilashi. Amma bukatar ba ta sake ba: mai kaya ya san abin da aka auna masa.

Mene ne a cikin sikelin lantarki?

Idan ka ɗaga farantin sikelin, za ka ga wani guntun ƙarfe mai ramuka, da waya tana fita daga jikinsa. Mu kira shi ƙarfen jin nauyi. Shi ne zuciyar sikeli. Ƙaramin sikeli yana da ɗaya. Babba yana da huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Sikelin da ake auna manyan motoci yana da fiye da haka.

Ga yadda yake aiki. Ka tuna reshen itace idan yaro ya rataya a jikinsa. Reshen yana lanƙwasa. Idan yaron ya sauka, reshen ya koma yadda yake. Haka ƙarfen nan yake yi idan an ɗora buhu, sai dai lanƙwasarsa ƙarama ce ƙwarai, ido ba ya ganinta. A jikin ƙarfen an manna wasu siraran wayoyi, galibi guda huɗu. Idan ƙarfen ya lanƙwasa, wayoyin suna miƙewa ko su takura. Wannan yana sauya yadda wuta ke bi ta cikinsu. Sauyin ɗan kaɗan ne, bai kai ko kusa da ƙarfin ƙaramin batir na tocila ba. Nauyi kaɗan, sauyi kaɗan. Nauyi da yawa, sauyi da yawa.

Wayar tana kai wannan saƙo ga wani akwati mai lissafi. A sikelin kasuwa, akwatin shi ne mai gilashin da lamba ke fitowa. A manyan masana'antu kuwa, inda ake ɗura siminti ko taki ko gari a buhu, saƙon yana zuwa ga wata ƙaramar kwamfuta mai ba injuna umarni. Masu aikin suna kiranta PLC. An ƙirƙiro ta a Amurka wajen 1968, don masana'antar ƙera motoci. Ita ce ke buɗe bakin mazurari, kaya su zuba. Da buhu ya kai kilo 50, sai ta rufe. Buhun takin da kake saye a shagon kayan noma, a irin wannan wuri ake cika shi.

Akwatin bai san kilo ba

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Akwatin lissafi, ƙarami ko babba, bai san kilo ba. Ƙarfin wuta kawai yake ƙirgawa. Sai an koya masa, kamar yadda ake koya wa sabon ɗalibi baƙi da wasali. Wannan koyarwa ita ce daidaita sikeli. Darasi biyu ake ba shi.

Darasi na farko shi ne sifiri. Ana share faranti, ba a bar kome a kai ba. Sai a gaya wa akwatin: wannan shi ne babu.

Darasi na biyu shi ne sanannen nauyi. Ana ɗora dutsen awo na ƙarfe wanda aka tabbatar da nauyinsa. Sai a gaya wa akwatin: wannan kilo kaza ne.

Ga misali don mu gane. A ce faranti babu kome, akwatin ya ƙirga 1000. Aka ɗora dutse mai kilo 20, ya ƙirga 5000. Bambancin 4000 ne. Mu raba 4000 gida 20, mun sami 200. Ke nan kowane kilo ɗaya yana ƙara 200. Yanzu aka ɗora buhun wake, akwatin ya ƙirga 11000. Mu cire 1000 na farko, saura 10000. Mu raba da 200, mun sami 50. Sai gilashi ya nuna kilo 50.

To, idan dutsen da aka koya masa da shi kilo 19 ne, amma aka ce masa 20 ne fa? Akwatin zai yarda, domin ba shi da hanyar musu. Daga ranar, duk abin da ya auna zai ƙara masa nauyin da babu. Idan kuma dutsen ya fi 20, zai riƙa rage wa mutane kayansu. Sikeli ba ya wuce gaskiyar dutsen da aka daidaita shi da shi. Haka nan, ba a daidaita sikelin buhuna da dutse mai kilo ɗaya. Ana bukatar nauyi mai kusa da abin da ake aunawa kullum, domin ƙaramin kuskure a kilo ɗaya yana zama babba a kilo 100.

Abin da ke ɓata awo

Sikelin da aka daidaita bara yana iya kaucewa bana. Ga dalilai:

Ƙasa marar daidai. Idan ƙafa ɗaya tana lilo a yashi, nauyi ba ya sauka daidai.

Tsakuwa ko ƙwayar hatsi da ta maƙale a ƙarƙashin faranti. Tana ɗauke wani sashe na nauyi.

Jefa buhu da ƙarfi, ko ɗora kayan da suka fi ƙarfin sikelin. Reshen da aka lanƙwasa fiye da kima ba ya komawa daidai. Ƙarfen ma haka.

Zafin rana, da ruwa, da raɓa. A ajiye sikeli a inuwa, a wuri busasshe.

Batir mai rauni, da wayar da ɓera ya ci.

Iska mai ƙarfi, ko buhun da ya jingina da bango, ko ƙafar mutum a gefen faranti.

Kada mu raina ƙaramin kuskure. Idan sikeli yana cin rabin kilo a kowane buhu, a buhu 200 ya ci kilo 100. Buhu guda ke nan cur ya ɓace, ba wanda ya ga ɓarawo.

Gwaji biyar da ƙungiya za ta iya yi da kanta

Buɗe cikin sikeli da sauya lissafinsa aikin gwani ne. A Nijar akwai hukumar ANMC mai kula da ingancin kaya da ma'aunai. Sikelin ciniki, masu izini ne ke taɓa cikinsa. Amma gwada shi haƙƙin kowa ne. A yi gwajin a gaban jama'a, kafin a fara awo.

Na ɗaya. A kunna sikeli, a bar shi mintoci kaɗan. Faranti babu kome, lamba ta tsaya a sifiri.

Na biyu. A ɗora dutsen shaida. Ƙungiya ta sayi dutsen awo na ƙarfe idan da hali. In babu hali, a nemi guntun ƙarfe mai nauyi, a auna shi a sikelin da aka tabbatar, a rubuta nauyin a jikinsa da fenti. Kada a yi da buhun yashi ko na hatsi, domin suna shan laima kuma suna bushewa.

Na uku. A ɗora dutsen a tsakiya, sannan a kowace kusurwa huɗu. Lamba ta zama ɗaya.

Na huɗu. A ɗora buhu ɗaya sau uku, ana saukewa. Lamba ta zama ɗaya, kuma kowane lokaci sikeli ya koma sifiri.

Na biyar. A auna buhu biyu dabam dabam, a tara lambobinsu a allo. Sannan a ɗora su tare, idan ba su fi ƙarfin sikelin ba. Jimillar ta yi daidai da abin da ya nuna.

Magatakarda ya rubuta ranar gwaji da sakamakonsa a littafin ƙungiya, shaidu biyu su sa hannu. Idan sikeli ya faɗi gwaji, a tsayar da awo, a kira mai gyara.

A kuma lura da maɓallin cire nauyin mazubi. Idan da kwano ake awo, a ɗora kwanon babu kome, a danna maɓallin, lamba ta koma sifiri, sannan a zuba kaya. A kuma duba haruffan da ke gefen lamba. Su zama kg, wato kilo. Wasu sikeli suna da lb, awon Ingilishi, wanda bai kai rabin kilo ba.

A mangaza

Tun wajen 1999 aka fara yaɗa tsarin jinginar amfanin gona a Nijar, da taimakon hukumar FAO. Manoma suna ajiye kayansu a mangaza mai kwaɗo biyu, su karɓi bashi, su fitar da kayan idan farashi ya tashi. Bankunan cimaka ma da awo suke karɓa, da awo suke bayarwa. A wuraren da ake noman aya, kamar Cadawa da kewayen Gazawa, kilo kaɗan kuɗi ne mai yawa.

A wani zagaye na duba azuzuwa, na tarar da rigima a wani ƙauye. An ajiye kaya da kaka, aka fitar da bazara, aka ga kowane buhu ya ragu. Mutane suka zargi mai riƙe da mabuɗi. Wata mata ƴar aji ta ce a kawo dutsen shaida. Aka ɗora, sikeli ya nuna daidai da abin da ke littafi. Aka duba ɗinkin buhuna, ba a taɓa shi ba. Sai aka gane kayan ne aka ajiye da sauran danshi, suka bushe a mangaza. Da babu dutsen nan da littafin nan, da an ɓata sunan mutumin kirki. Darasi: a busar da kaya sarai kafin awo.

A gidan likita

A nan ma'auni ya wuce maganar kuɗi. Uwa tana kai jaririnta awo, ana rubuta nauyinsa a kati. Idan wata ya bi wata nauyi bai ƙaru ba, alama ce ta ciwo ko tamowa. Jihar Maraɗi ta ga wahalar tamowa a shekarar 2005, kuma awo ne ke nuna yaron da ke bukatar taimako tun kafin ya kwanta. Abincin magani na gujiya da ake ba masu tamowa, gwargwadon nauyin yaro ake lissafa shi. Wani sanannen maganin zazzaɓin sauro ma haka ne: yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya yake sha a kowane lokaci, mai kilo 15 zuwa ƙasa da 25 ƙwaya biyu. Idan awo ya kauce, magani na iya gazawa ko ya yi yawa.

Saboda haka, ke uwa, ki cire wa yaro takalmi da tufafi masu nauyi. Ki duba sikeli yana sifiri kafin a ɗora shi. Ki karanta lambar da kanki, ki ga an rubuta ta daidai a kati. Ki lura da ɗigo ko waƙafi da ke tsakanin lambobi: 7,5 kilo bakwai da rabi ne. Idan lambar ta ba ki mamaki, ki roƙi a sake awo. Ba rashin kunya ba ne, ma'aikacin kirki zai yi murna da tambayarki.

Kammalawa

Iyayenmu sun koyi karatu don kada a cuce su a gaban sikeli. Injin ya sake, amma ido mai karatu har yau shi ne mai gadi. Cika mudu amana ce a kan mai saye da mai sayarwa baki ɗaya. Gani ya kori ji: a gwada sikeli a gaban kowa, sannan a auna.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne darussa biyu ake koya wa sikeli idan ana daidaita shi?
2. Sikeli yana cin rabin kilo a kowane buhu. Kilo nawa zai ci a buhu 60?
3. Ƙungiyarku tana da dutsen shaida? In babu, wa zai nemo shi kafin ranar awo?